Mai Kunya a Cikin Kwalba

Shekarun baya, ina sabon malamin kimiyya a wata makarantar sakandare a Ƙanƙara, wata cuta ta kama ni wadda ba a zuwa asibiti dominta. Cutar sararin samaniya. Na ci karo da wani bayani a waya cewa akwai masanan da ke tunanin wata rana a kwashi irin tsirrai da na dabbobi a kai duniyar wata ko duniyar Mars, don in wani bala'i ya shafe wannan duniyar tamu, a samu abin da ya rage a wani wurin. Tun daga ranar na hana kowa sakat. A aji maganar ke nan, a majalisa maganar ke nan. Ko gaisuwa muka yi da mutum ya tsaya minti biyu, sai na kai shi Mars na dawo da shi.

Abokina, wanda ke sayar da hatsi a kasuwa, shi ya fi kowa shan wahalata. Yakan bari sai na gama zuba, sannan ya ce, "Malam, kai da ko Zariya in za ka sai ka sha maganin amai, kai ne za ka kai awaki sama?" Ni kuwa sai in ce masa ai shi ya sa ba a tattauna ilimi da 'yan kasuwa.

A shekarar ne zaman ƙauyenmu da ke ƙasar Faskari ya gagara saboda rashin tsaro, na je na ɗauko mahaifiyata ta dawo wurina. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Ba ta fito da wani abin kirki ba: tukwane biyu, tabarma, ƙullin kaya, sai wani abu da ta naɗe a tsohon zane ta rungume a ƙirji har muka iso. Na ɗauka kayan ado ne. Da ta kwance sai na ga zangarniyar dawa ce guda bakwai, duk sun yi baƙi da hayaƙi.

Wannan dawar a gidanmu Mai kunya muke ce mata, saboda in ta nuna sai wuyanta ya lanƙwashe, kan ya sunkuya ƙasa kamar amarya a gaban surukai. Ja ce, ƙwayarta ba ta da girma, kuma ba ta cika rumbu kamar irin zamani. Amma tuwonta yana da wani ƙamshi da ban taɓa ji a wata dawa ba, ɗumamensa ma ya fi sabon tuwon wasu gidajen. Mahaifiyata ta gaje ta daga mahaifiyarta, ita ma daga tata. Yadda suke riƙe ta kuwa ba wuya: kowace kaka a zaga gona a zaɓi zangarniyar da ta fi sunkuyawa, a rataye a rufin madafa inda hayaƙi ke bugunta don kada ƙwari su taɓa, damina ta zo a shuka. Sannan duk 'yar gidan da za ta yi aure, sai an sa mata zangarniya ɗaya a cikin kayanta. Haka aka yi wa yayata da aka kai ta Sabuwa.

Matsalar ita ce a Ƙanƙara ba mu da gona. Gidan haya ne, tsakar gidan siminti. Mahaifiyata ta ce in nema mata aron ko da kunya biyar ce a bakin gonar wani ta zuba, sauran kuma a raba wa mutane. Ni kuwa kaina cike da Mars, sai na ga ai ga dama ta samu. Na zauna na yi mata bayani tiryan-tiryan: in aka shuka a gonar wani, za ta gauraya da dawar maƙwabta ta lalace. In aka raba, ƙarewa za ta yi. Abin da masana ke yi shi ne su killace iri a inda ba iska ba ƙwaro, ya yi shekaru yana jira. Har na ba ta labarin kumbon da zai kwashi iri zuwa wata duniya, na ce mata kamar jirgin Annabi Nuhu ne.

Ta saurare ni tana tsinke zogale, ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "To shi Annabi Nuhu ai ƙasa ya dawo ya sauke su. Su waɗanga in sun tahi can, akwai maƙwabta?"

Na ce, "Inna, wane irin maƙwabta? Ai ba kowa a can."

Ta ce, "To in nasu ya mutu, wa za ya ba su iri?"

Na yi dariya, irin dariyar da ɗan boko ke yi in an yi masa tambayar da ba ta cikin littafi. Na ce za a tsara komai. Ta ajiye zogalen ta ce, "Kai ka yi karatu." Ta miƙo mini zanen. Har yau ina tuna yadda ta miƙo shi da hannu biyu.

Ku ji aikin da masanin ya yi. Na sussuke zangarniya bakwai ɗin nan kaf. Da na ga ƙwayar ta yi baƙi da kunkunniyar madafa, sai na ce wannan ai datti ne, ba a ajiye abin tarihi da datti. Na zuba ruwa na wanke ta tas. Na shanya ta yini guda a kan faranti, na taɓa na ji kamar ta bushe, na ɗura a wata babbar kwalba, na rufe, na narka kyandir na liƙe bakin. Na yanko takarda na manna a jiki, na rubuta da kyakkyawan rubutuna: Don masu zuwa. Sannan na sa kwalbar a akwatin ƙarfe, na ɗora akwatin a kan kabad, dab da rufin kwano, a ɗakin da in bazara ta yi ko ƙadangare ba ya zama. Na ma taɓa sauko da ita na kai aji, na ɗaga wa ɗalibai na ce, "Ga ƙaramin kumbo." Suka tafa mini.

Shekara huɗu tana nan. Lokaci-lokaci mahaifiyata takan ce, "Tana lahiya kuwa?" kamar mai tambayar 'yar da ke makarantar kwana. In ce lafiya lau. Wani lokaci in sauko da kwalbar ta gani ta bayan gilashi. Ba ta taɓa cewa in buɗe ba, ni ma ban taɓa tunanin buɗewa ba, tunda ai buɗewar ce ke ɓata ajiyar.

A shekara ta biyar abokina ya ba mu aron wani yanki na gonarsa a bayan gari. Ranar da na gaya wa mahaifiyata, ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar ƙwaryar shukarta, wadda ban ma san ta taho da ita ba. Da ruwan shuka ya sauka na fasa kyandir. Wani wari ya ɗan bugo ni, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, amma na ce ai dole, ajiya ce. Muka je gona. Ina sara da sungumi, tana bina tana jefa iri tana rufewa da diddige, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Rabin kwalbar muka shuka.

Kwana biyar, shiru. Kwana bakwai, gonakin da ke kewaye da mu duk sun yi kore, tamu ƙasa ce ja wur. Kullum in na tashi daga makaranta sai in hau babur in je in tsuguna ina kallon ramuka. Na tona guda na ga ƙwayar tana nan kwance yadda aka sa ta, sai dai ta yi laushi. Kaina ya ɗaure. Na ce ko ruwan ne bai isa ba, to ga na maƙwabta ya fito. Na ce ko ƙasar Ƙanƙara ce ba ta karɓe ta ba. Na ce ko iri ma yana yin dogon barci ne in ya daɗe a killace, sai an yi haƙuri. A gida kuwa in mahaifiyata ta tambaya, sai in ce ina jin tsuntsaye ne suka tone. Tsuntsayen Allah, sun ɗauki laifin da ba nasu ba har mako biyu.

Na ɗebi ƙwaya arba'in daga sauran na jera a jiƙaƙƙen tsumma, na ɓoye a bayan littattafaina, kamar yadda nake koya wa ɗalibai gwajin tsiro. Bayan kwana biyar na buɗe. Ba ko ɗaya da ta fasa, sai furfurar ruɓa da ta lulluɓe su. Na ɗauki kwalbar na nufi kasuwa wurin abokina. Ya zuba kaɗan a tafin hannu, ya sunsuna, ya ciji ɗaya ya tofar.

Ya ce, "Wannan ai ta daɗe da rasuwa. Da danshi ka rufe ta?"

Na ce na dai wanke ta, amma na shanya.

Ya dube ni ya ce, "Ka wanke ta. Da ruwa." Bai yi dariya ba, kuma rashin dariyar nan tasa ya fi tsorata ni. Ya ce, "Malam, hayaƙin nan da ka wanke shi ne maganin. Ka jiƙa ta, ka toshe ta, ka ɗora ta ƙarƙashin kwano shekara huɗu. Ai dafa ta ka yi a hankali."

Na koma gida na tarar da mahaifiyata tana kaɗa miya. Na tsuguna na gaya mata komai, har da sharrin da na yi wa tsuntsaye. Na so ta yi faɗa. Wallahi na so ta zage ni, ko ta ce ai ta faɗa mini. Ba ta daina kaɗa miyar ba. Ta ce, "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri." Da yamma na ga ta ɗauki ƙwaryar shukar ta mayar ƙarƙashin gado. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Matar nan ta bar ɗakinta da gonarta da kabarin mijinta, abu ɗaya ta rungumo, ni kuma na kashe shi da sunan ceto.

Washegari ina cikin aji ina rubutu a allo sai zangarniyar auren yayata ta faɗo mini a rai. Ranar Asabar na kama hanyar Sabuwa. Mota uku na canza, ga ramuka, ga fargabar hanya, kuma maganar abokina ta tabbata, don sai da amai ya sa na tsayar da direba sau biyu. Na isa a galabaice. Yayata ta kawo ruwa da fura, muka gaisa, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta riƙe haɓa. "Mai kunya? Ai ni rabona da ita an fi shekara shida. Maigidan ya koma masara da waken suya, ya ce ba ta da auki." Ina shirin tashi sai ta ce, "Tsaya. Akwai wani dattijo da gonarshi ke iyaka da tamu. Shekarar da anka kawo ni ya ga ta sunkuya ya yi sha'awa, na ba shi. Shi dai na san bai bar shuka ta ba. Amma ya tashi, ya koma wurin ɗiyanshi a Sheme."

Sheme. Garin da na ratsa da safe, har na sayi ƙosai a bakin titi.

Na kwana a Sabuwa, da safe na juyo. A Sheme na yi ta tambaya wurin masu sayar da kaya a bakin hanya, ina kwatanta dattijon da ya taso daga Sabuwa, har wani mai faci ya nuna mini gidan. Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Na gaishe shi na ce ni ƙanen wance ne, na zo neman Mai kunya. Ya ce bai san wata Mai kunya ba. Na shiga kwatance da hannu, ina lanƙwasa wuyan hannuna kamar mai kwaikwayon zalɓe.

Ya ce, "Au, dawar amarya kake nuhi. Ai mu haka muke ce mata, tunda amarya ta ba ni."

Ya shiga cikin gida ya fito da dami ɗan ƙarami, baƙi ƙirin da hayaƙi. Na ga lanƙwasassun wuyan nan, sai da na ji ƙwalla ta taru mini. Ya zaro shida ya ba ni. Na sa hannu a aljihu ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Kyauta ta zo mani, kyauta za ta koma. Amma ku da kuke masu ita, mi ya sami taku?"

Da na sani da na ce fari ne ya kashe ta. Amma gaskiya ta riga ta zama mini dole a makon nan, sai na ba shi labarin kwalba. Da ya tambayi dalilin kwalbar kuma, sai ga ni a zauren mutane a Sheme ina yi wa tsoho bayanin duniyar Mars. Ya saurara da kyau. Ya ce, "To can ɗin ana ruwa?" Na ce a'a, Baba. "Akwai ƙasar noma?" Na ce sai an gyara. "Iska fa?" Na ce ita ma sai an kai. Ya jinjina kai ya ce, "Ashe kwalba ce babba."

Da na iso gida na shimfiɗa su a gaban mahaifiyata a kan faifai. Na zaci za ta yi murna nan take, amma sai ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya tana juyawa. A lokacin ne ni ma na lura: uku ne kawai wuyansu ya lanƙwashe sosai, biyu sun ɗan karkata, ɗaya kuwa a miƙe take sak. Launin ma ba jan nan da na sani ba ne, ya ɗan yi fatsi-fatsi kamar irin dawar nan kaura. Abin da na tsorata da shi tun farko ya faru, ta gauraya da dawar maƙwabta. Ta ɓare ƙwaya ɗaya ta ciza, ta daɗe tana taunawa.

Na ce, "Inna, ita ce?"

Ta ce, "Ita ce. Aure ta yi, ta haihu a gidan wasu."

Ta ware ukun nan masu sunkuyawa, muka shuka su a makare. Abin da muka samu a shekarar bai taka kara ya karya ba. Amma da kaka ta yi, ta sa na kai ta gonar a kan babur, ta bi kunya-kunya da sandarta tana duba kowane kai, tana yanke waɗanda suka fi ja da sunkuyawa. Ta ce in aka yi ta zaɓe haka shekara da shekaru, za ta riƙa komowa gida a hankali. Ta kasa abin da ta zaɓa kashi huɗu: na yayata, na dattijon Sheme, na abokina, sannan ta turo mini na ƙarshe. Ta ce, "Ga naka. Ƙasa za ka ba." Iyakar faɗan da ta taɓa yi mini a kan maganar ke nan.

Sauran aka surfa aka niƙa, ta tuƙa tuwon da kanta. Duk muka zuba mata ido ta kai loma ta farko. Ta haɗiye ta ce, "Ya yi kusa." Kaka uku ta ƙara gani bayan wannan kafin Allah ya karɓi abinsa, kowace shekara tana zaɓe, kowace shekara in ta ɗanɗana sai ta ce ya yi kusa. Ba ta taɓa cewa shi ne ba.

Har yanzu ina koyarwa, kuma kusan kowace shekara sai wani ɗalibi ya tambaye ni ko zuwa wata duniyar zai ceci halittu. Da can amsar tana bakina kafin a rufe baki. Yanzu sai in tsaya ina susar ƙeya. In na ce a'a, to ai abin da ya ceci dawarmu shi ne an kai ta wani wuri. Da duk tana ƙauyenmu, ko duk tana hannuna, da ta tafi. Masu cewa kada a tara komai a duniya ɗaya, maganar kakannina mata suke yi ba su sani ba. In kuma na ce e, to Sheme ba Mars ba ce. A Sheme akwai ruwan sama, akwai madafa mai hayaƙi, akwai tsohon da ya ga abu ya yi sha'awa ya riƙa shuka shi ba wanda ya sa shi. Kuma ko a can ɗin, da motar haya ke zuwa, abin da ya dawo ba shi ne ya tafi ba. To wanda aka kai inda ba ruwa ba maƙwabci, me zai zama, kuma wa zai gane shi in ya dawo? Ban sani ba. Haka nake gaya wa ɗaliban, su yi ta kallona suna mamakin malamin da bai san amsa ba.

Kwalbar tana nan a kan kabad da sauran rabin, takardar ta yi ruwan ƙasa amma rubutun yana karantuwa. A cikinta ne Mai kunya ta asali take, wadda ba ta gauraya da komai ba, matacciya. Mai ran kuwa tana gona, da jinin kaura a jikinta. Nakan rasa wacce zan ce ita ce ta mahaifiyata. Na kasa zubar da waccan, ina kuma ci gaba da zaɓen wannan, ko da yake idona bai kai nata ba.

Bara da aka tuƙa tuwon sabuwar dawa, 'yata ta fari ta ce, "Baba, haka yake a da?" Na duba na ga duk gidan ni kaɗai na rage wanda ya san ɗanɗanon na da, kuma ni ma ba ni da tabbacin harshena bai manta ba. Na kai loma na daɗe ina taunawa. Na ce mata ya yi kusa.